Tambaya da Amsa: Hutun Cin Abincin Direban Rarraba Kaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne a wani kamfanin rarraba kaya a Amurka, kuma ɗan ƙungiyar ƙwadago ne. Kullum ana cire mini sa'a ɗaya daga lokacin aikina da sunan hutun cin abincin rana, alhali sau da yawa a kan sitiyari nake cin abincin tsakanin wannan gida da wancan, domin in na tsaya ba zan gama kayan da aka loda mini ba sai dare ya raba. Shin minti nawa ne haƙƙina, kuma sa'a nawa doka ta yarda a sa ni aiki a rana?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu na farko da zai ba ka mamaki shi ne, dokar ƙwadago ta tarayyar Amurka, wadda aka kafa a 1938, ba ta tilasta wa kamfani ya ba ma'aikaci hutun cin abinci ba. Abin da ƙa'idojinta suka tanada shi ne, gajeren hutu na minti 5 zuwa 20 ana lissafa shi cikin lokacin aiki kuma dole a biya, amma hutun cin abinci na minti 30 ko fiye ana iya ƙin biyansa, da sharaɗin an sauke wa ma'aikaci aiki gaba ɗaya a wannan lokaci. Ka riƙe wannan sharaɗi da kyau, domin a nan maganarka take. Mutumin da ke tauna abinci da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan sitiyari, na'urar kamfani tana nuna masa gida na gaba, aiki yake yi, kuma kuɗin wannan sa'a nasa ne.

Wasu jihohi sun ƙara nasu tanadi. A Kalifoniya, wanda zai yi aikin da ya wuce sa'a 5 yana da hutun minti 30, in kuma kamfani bai ba shi ba, sai ya biya shi ladan ƙarin sa'a guda na wannan rana. Wasu jihohin ko kaɗan ba su da irin wannan doka.

To amma kai ɗan ƙungiya ne, saboda haka amsarka ta gaskiya tana cikin yarjejeniyar da ƙungiyarku ta sa wa hannu da kamfani, kuma ina roƙonka ka nemi kwafinta ka karanta da kanka maimakon dogara da hirar abokan aiki a wurin lodi. A can ne ake rubuta ko hutun minti 30 ne ko sa'a ɗaya, da kuma tsakanin wace sa'a da wace sa'a za a ɗauke shi. Ko a kamfani ɗaya ma abin yakan bambanta. Yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters ta cim ma da kamfanin rarraba kaya na UPS a 2023, wadda ta shafi ma'aikata kimanin 340,000 na tsawon shekara biyar, tana da babban kundi na ƙasa baki ɗaya, sannan kowane yanki yana da ƙarin nasa, kuma a cikin wannan ƙari ne ake fayyace batun cin abinci. Shi ya sa direbobi biyu masu sanye da kaki iri ɗaya za su ba ka amsa biyu, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Game da sa'o'in aiki, in motarka tana cikin manyan da hukumar sufuri ta tarayya ke sa wa ido, ba a yarda ka yi tuƙi fiye da sa'a 11 ba bayan hutun sa'a 10 a jere, kuma ba ka da izinin tuƙi da zarar sa'a 14 ta cika daga lokacin da ka kama aiki. A mako kuwa iyakar ita ce sa'a 60 cikin kwana 7, ko 70 cikin kwana 8. Wannan iyaka an sa ta ne domin kare rayuka a kan titi, ba ita ce ma'aunin aiki na adalci ba, tunda tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da sa'a 8 a rana da 48 a mako a yarjejeniyarta ta farko. Direbobin UPS suna da tsarin da direba zai sa sunansa a jerin waɗanda ba sa son a riƙa wuce musu sa'a tara da rabi na aiki a rana, in an ci gaba da wucewa ya shigar da ƙorafi. Ka bincika ko taku yarjejeniyar tana da makamancinsa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne illar da kake yi wa kanka da 'yan'uwanka ba tare da ka sani ba. Sa'a ɗaya a rana, kwana biyar a mako, ta haura sa'a 200 a shekara da kake bayarwa kyauta. Sannan duk ranar da ka gama hanyarka ba tare da hutu ba, kwamfutar da ke tsara lodi za ta ɗauka cewa hanyar tana yiwuwa a haka, gobe a ƙara maka kaya, jibi a auna sabon direba da ma'auninka.

Saboda haka idan lokacin hutu ya yi, ka nemi inuwa ka ajiye motar, ka shigar da hutun a na'ura, ka ci abincinka a zaune. In kayan ba za su ƙare ba, ka sanar da shugabanka a rubuce tun da wuri, shi ne zai san yadda zai yi da ragowar. Kada ka taɓa shigar da hutun da ba ka yi ba, domin rubuta ƙarya a lissafin lokaci laifi ne da kan jawo kora. Ka ajiye ɗan littafi a aljihu kana rubuta lokacin farawa, lokacin hutu da lokacin tashi, ka kai wa wakilin ƙungiya na wurin aikinku cikin wannan mako, domin shigar da ƙorafi yana da wa'adi, kuma a yarjejeniyoyi da yawa 'yan kwanaki ne kawai.