Kiɗan tsofaffin wasannin bidiyo na RPG (waɗanda ake taka rawar jarumin labari): wanne za a saya, da me za a saurara?

Tambaya: Kiɗan Final Fantasy VI iri biyu na gani, na asali da wanda aka sake kaɗawa. Kuɗina na guda ɗaya ne. Wanne zan ɗauka? (Mai karatu daga Garwa)

Amsa: Ɗan'uwa, fara da na asali. Nobuo Uematsu ya tsara shi a 1994 domin Super Nintendo, na'urar da ba ta iya fitar da sauti fiye da takwas a lokaci guda, ma'ajiyar sautinta kuma kilobait 64 ce kacal. Wannan ƙunci bai bar wurin ado ba, dole kowane sauti ya kasance da aikin da yake yi. Shi ya sa karin ke zama a kai ko bayan shekaru.

Kasa kunne ga yadda ya ba kowane jarumi takensa, kamar yadda makaɗan fada ke yi wa kowane basarake nasa. A kiɗan rufe wasan, wanda ya haura minti 20, taken nan suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai san su tun farko ba, rabin daɗin ya wuce shi.

Wanda aka sabunta a 2022 yana da kyau, ba mu raina shi ba, amma yawan kayan kiɗa yakan danne karin a wasu wurare. Ka neme shi daga baya. Faifan asali kuwa guda uku ne; kafin ka yi odarsa daga Japan, lissafa kuɗin aikowa da na duwan. Sayen kiɗan ta intanet ya fi sauƙi.

Tambaya: Kiɗan Chrono Trigger ba ya daɗi a wayata. In sayi sifika ta Bluetooth ne? (Mai karatu daga Injamena)

Amsa: 'Yar'uwa, sayi abin sauraro na kunne mai waya tukuna. Sifikar waya ba ta fitar da sauti mai kauri, ƙaramar sifika ɗaya kuma tana cakuɗa hagu da dama wuri guda. Aikin Yasunori Mitsuda na 1995 ya dogara sosai ga kaurin sauti da amsa-kuwwa, to su ne ake rasawa. Gwada a shago kafin ki biya: ƙara sauti, in ya fara karkarwa, ajiye shi.

Kada ki ƙarar da data a kan manyan fayiloli. MP3 mai lamba 320, wato mafi ingancin MP3, yana cin kusan megabait biyu da rabi a minti, FLAC, nau'in fayil ɗin da ba ya rage ingancin sauti, ya ninka haka, kuma a waya da wuya kunne ya bambance su. A kula da memori na jabu: yakan nuna gigabait 64, amma da an wuce ainihin girmansa sai fayiloli su lalace. Cika shi tun ranar saye, ki buɗe na farko da na ƙarshe.

Tambaya: Me ya sa kiɗan ke dusashewa bayan minti biyu ko uku? (Mai karatu daga Marwa)

Amsa: Malam, fayil ɗinka lafiya lau yake. A cikin wasa kiɗan zagayawa yake yi ba iyaka, a faifai kuma akan bar shi ya zaga sau ɗaya ko biyu, sannan a rage sautin. Danna maɓallin maimaitawa.