Amsa ga mai tambaya kan gina wa sabuwar makarantar zane shafin intanet

Wa alaikumus salam. Malam, in na fahimce ka daidai, an ɗora maka gina shafin intanet na sabuwar makarantar koyon zane da ƙira da jami'arku za ta buɗe a nan Zariya, kana son sanin ta ina za ka fara, da me za ka gina, kuma yaya za ka yi ya burge tunda na masu zane ne. 'Yan'uwa sun yi ta jero maka sunayen manhajoji. A ganina manhaja ita ce ta ƙarshe a lissafin.

Fara da wanda zai buɗe shafin. Galibi yaro ne ko yarinya da suka gama sakandare suna shirin JAMB, da ƙaramar wayar Android, da datar kwana ɗaya, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Abin da suke nema sananne ne: waɗanne kwasa-kwasai ake yi, shekara nawa, waɗanne darussa ake buƙata a WAEC ko NECO da JAMB, nawa ne kuɗin makaranta, yaushe ake rufe karɓar takardu, kuma hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da kwas ɗin ko tukuna. Kada ɗaya daga cikin waɗannan ya wuce taɓawa biyu daga shafin farko, kuma a rubuta su a jikin shafin, ba a cusa su cikin PDF mai shafi arba'in ba. Jawabin shugaban makaranta da hotonsa su koma ciki. Kwamiti zai ja da kai a kan wannan, ka je da hujjarka a hannu.

Cutar shafukan makarantun zane ita ce son burgewa: bidiyo na gudana a bayan rubutu, hotuna na zamewa da kansu, haruffa na tsalle. A kwamfutar ofis mai faɗin fuska abin gwanin sha'awa ne, a wayar yaron nan kuwa fari fat zai yi ta gani har ya gaji ya fita. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5 ko ƙasa da haka, kuma shafinsu na auna saurin buɗewa, PageSpeed Insights, zai gwada maka kyauta. Ka sa wa kanka iyaka, shafin farko kada ya haura megabait 1.5 gaba ɗaya. Bidiyo a ɗora a YouTube, a sa hotonsa kawai, sai an taɓa ya buɗe.

Nauyin nan kusan duka daga hotuna yake fitowa. Hoto ɗaya daga kyamara yakan kai megabait 5 ko fiye, ka ga ashirin sun cinye megabait 100 na mai ziyara. Kafin a ɗora, a rage faɗinsa zuwa fiksel 1600, a mayar da shi WebP, wato nau'in hoto mara nauyi, ingancinsa tsakanin 75 da 80 bisa ɗari, zai sauko wajen kilobait 200 ba tare da ido ya ga bambanci ba. Ƙananan hotunan jeri fiksel 400 sun isa. A bar hotunan ƙasa su riƙa lodi sai mai karatu ya gangaro wurinsu, amma ban da babban hoton sama, shi a sake shi nan take. Kowane hoto a rubuta faɗinsa da tsawonsa a lambar shafin, in ba haka ba rubutu zai riƙa tsalle yayin da hotuna ke shigowa, mutum ya kai yatsa kan wani abu ya taɓa wani.

Ɗaukar hoton ma sana'a ce. Tukwane da sauran aikin yumɓu a ɗora su gaban bango mai ruwan toka, da hasken taga daga gefe, ba filashi. Yadi da rini hoto biyu suke so, na gaba ɗaya da na kusa inda za a ga zare da yadda launi ya kama. Gilashi kuwa sai baƙin bango da haske ta baya ko ta gefe, in ba haka ba ɓacewa yake yi. Zanen gini a fitar da shi kai tsaye daga manhajar da aka yi shi, kada a ɗauki hoton takarda a kan tebur.

Tunda makarantar sabuwa ce, babu aikin ɗalibai tukuna, kuma a nan ne ake faɗawa tarkon sauko da hotunan Turawa suna murmushi gaban kwamfuta. Kada ka yarda. Sa ayyukan malaman da aka ɗauka, da ɗakunan aiki yadda suke, da tanderun gasa yumɓu, da masaƙa, da teburan zane. Amma tun yau ka gina wa ayyukan ɗalibai gurbinsu: fom guda mai sunan aiki, sunan mai shi, sashe, aji, shekara, kayan da aka yi amfani da su, da girma. Haka ne zai sa bayan shekara biyar a iya tace ayyuka ta sashe ko ta shekara. In aka bar kowa yana zuba hotuna yadda ya ga dama, ba mai iya tsefe su daga baya. Kowane ɗalibi ya sa hannu a takardar amincewa kafin a buga aikinsa, kuma lambar rajista da sakamako da lambar waya ba su da wuri a fili, dokar kare bayanai ta 2023 tana nan.

Batun kamanni, a Zariya kake, ba ka rasa inda za ka ɗebo ba. Ga zanen bango na gidajen cikin birni da na ƙofar fada, ga bakan gizo na tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, ga aska takwas ta masu ɗinkin babbar riga. A garin nan ne ma su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta ɗaliban zane a 1958, da ra'ayin haɗa fasahar gida da ta zamani. Sai dai ka ɗauki abu ɗaya tak, ka sa shi a gefe ko a ƙasan shafi. Launi biyu da fari sun wadatar, don ayyukan ɗalibai su ne za su kawo launi. Rubutu kada ya gaza fiksel 16, bambancin haskensa da bango ya kai 4.5 bisa 1 kamar yadda WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa wa kowa amfani da shafuka, ta tanada. Siririn rubutu mai ruwan toka da masu zane ke ƙauna ba ya karantuwa a tsakar rana.

In za a yi ɓangaren Hausa, kuma ya kamata saboda iyaye, ka gwada salon haruffan kafin ka zaɓa. Da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ka ga akwati a gurbinsu, ko harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma. Noto Sans da Andika suna da su. In daga Google Fonts ka sauko da su ka ajiye a sabarka, ka haɗa da rukunin latin-ext, a can haruffan suke. Rumbun bayanai ya zama a tsarin ajiye haruffa na utf8mb4, shafin Hausa kuma a yi masa alamar lang="ha". Mutum ya fassara, ba inji ba.

Yanzu manhaja. WordPress, manhajar gina shafuka, ya isa, ba don ya fi kowa ba, sai don in ka bar aikin za a sami mai ci gaba da shi. Ɗauki jigo, wato samfurin kamannin shafi, mara nauyi, filogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara masa, kada su wuce goma, kuma ka guji na sata da ake rabawa kyauta, ta nan ake shigo da ɓarna. Filogin Polylang zai riƙe maka harsuna biyu.

Adireshi kuwa, ka je sashen kwamfuta na jami'a su yanka maka reshe a ƙarƙashin adireshinsu na edu.ng. Kada a sayi wani suna daban da imel ɗinka ko na wani malami. Abin da ya fi kashe shafukan sassa ke nan: mai imel ya tafi karatu ko ya yi ritaya, wa'adi ya cika, ba wanda ya ga saƙon tuni. Komai ya kasance da imel ɗin ofis. Shaidar tsaro ta Let's Encrypt kyauta ce amma gajeren wa'adi gare ta, a tabbatar tana sabunta kanta. Neman gurbi da biyan kuɗi kada ka gina naka, ka tura mutane fotal ɗin jami'a, ka kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a biya ta asusun kowa.

Kafin ƙaddamarwa, a ba ma'aikata biyu horo da izinin gyara rubutu kawai, makullin gaba ɗaya ya tsaya hannun mutum biyu. Kwafin ajiya ya riƙa fita duk mako zuwa wani wuri da ba sabar ba, kuma a gwada dawo da shi ko sau ɗaya ne. Sannan ka ari waya mafi araha da za ka samu, ka miƙa wa ɗan aji shida na sakandare a bakin kasuwar Samaru, ka ce ya nemo maka kuɗin makaranta da darussan da ake buƙata. Kada ka taimaka masa. Duk inda ya tsaya yana lalube, ka rubuta, ka koma ka gyara.