Sisin gwal na gado: a kai sikeli ko a ajiye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta bar mini sisin gwal biyar ƙulle a tsumma cikin kumbo. Gefe ɗaya kan wani Bature ne mai gemu, ɗayan kuma mahayin doki yana tattake wata dabba. Biyu an rubuta 1917. Ɗana ya ce Turawa na sayen irinsu da miliyoyi, har yana so in sayar da filina mu shiga sana'ar. Ina neman shawara. — Wata mai karatu daga Kano

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kai haske kabarin Inna. Filin nan dai a bar shi tukuna.

Abin da kika kwatanta fam ɗin zinaren Ingila ne, mai gemun kuma Sarki George na Biyar. Na gaske nauyinsa giram 7.98 ne, karat 22, tsantsar gwal ɗin ciki giram 7.32. Wannan adadin kaɗai ɗan gwal na Kasuwar Rimi zai biya ki. Zai ɗora a sikeli, ya goga a dutse, ya latsa kalkuleta. Shekarar da ke jiki ba ta dame shi ba, kuma ban ga laifinsa ba, ƙarfe yake saye.

Ɗanki bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya ji. A 2021 an yi gwanjon wata kwandalar dala 20 ta Amurka, bugun 1933, a kan dala miliyan 18.9 a New York. Amma dalili? An buga 445,500, gwamnatin Shugaba Roosevelt ta hana fitar da su, aka narkar da kusan duka. Kaɗan ne suka tsira, wannan ɗaya ce kawai doka ta yarda mutum ya mallaka, ta ma taɓa zama a taskar Sarki Faruk na Masar. Haka wani dinarin Banu Umayya na shekarar 105 Hijira ya kai fam miliyan 3.7 a Landan, saboda rubutun jikinsa ya ambaci ma'adinin Amirul Muminina da ke Hijaz. Ƙaranci da tarihi ake saye a can, tsufa kaɗai ba ya kuɗi.

Yanzu ki ɗauko naki na 1917, ki samu gilashin masu gyaran agogo. Ƙarƙashin ƙafafun dokin, daidai saman shekarar, akwai wani ɗan harafi kamar ƙwayar gero. P na nufin Perth, M Melbourne, S Sydney, duk a Ostareliya. C kuma Ottawa ta Kanada. Na Perth suna da yawa, kuɗin gwal ɗinsu ne kawai da ɗan ihisani. In babu harafi sam, bugun Landan ke nan, wanda masu tarawa ke nema ido rufe. Sai dai kada ki yi guɗa da wuri: saboda tsadarsa, jabunsa ya cika duniya. Ga kuma kwaikwayon da maƙeran ƙasashen Larabawa ke zubawa, giram 8 karat 21, wanda alhazanmu suka daɗe suna shigowa da shi. Gwal ne na gaske, amma ba kuɗin tarihi ba ne.

Don Allah kada ki wanke su. Na san hannun mata da toka da lemon tsami! Goga ɗaya tana kankare darajar da mai tarawa zai biya, haka huda su ko liƙa musu marataya a yi sarƙa. Kowane a naɗe shi daban, kada su riƙa gogar juna.

Batun sana'a kuwa, mai saye da tsada yana Landan ko Dubai, kuma sai kamfanin tantancewa irin NGC ko PCGS ya duba ya rufe kwandalar a roba da lamba kafin ya yarda. Kuɗin aikawa da inshora da la'adar gwanjo duk a wuyanki. In ajiya kike so saboda faɗuwar naira, ki riƙa sayen gama-gari ɗaya-ɗaya a farashin giram, hannu da hannu, tare da rasit. In sun kai 12 sun haura nisabin giram 85, sai ki tuna da zakka idan shekara ta zagayo.