Ján Mucha: ina golan da ya hana Italiya wucewa ya shiga?

Tambaya: Na kalli wasan da Sulobakiya ta fitar da Italiya a gasar cin kofin duniya ta 2010, kuma golanta ya burge ni. Daga baya na ji yana Everton, amma ban taɓa ganinsa a fili ba. Me ya faru da shi, kuma wanda ya daɗe a benci zai iya koyar da wasu?

Amsa: Golan da kake nufi shi ne Ján Mucha, wanda aka haifa a 1982 a gabashin Sulobakiya. Wasan kuma an buga shi ne ranar 24 ga Yunin 2010 a filin Ellis Park na Johannesburg, inda Sulobakiya ta doke Italiya mai riƙe da kofin da ci 3-2, Róbert Vittek ya ci biyu, Kamil Kopúnek ya ƙara ta uku. Mucha ne ya tsare raga a duka wasanni huɗun da ƙasarsa ta buga, har zuwa lokacin da Holan ta fitar da ita da ci 2-1 a zagaye na biyu.

Sai dai a ganina babban aikinsa ya riga wannan wasa. A watan Oktoban 2009 Sulobakiya ta je Chorzów ta kara da Polan cikin dusar ƙanƙara, tana buƙatar nasara domin ta samu gurbi a gasar karon farko tun bayan rabuwarta da Jamhuriyar Czech a 1993. Ɗan bayan Polan, Seweryn Gancarczyk, ya ci gidansu tun farkon wasa, daga nan sai Polan ta yi ta kai hari a fili mai santsi, ƙwallo na sulɓewa a hannu, Mucha kuwa ya hana ta farkewa har aka tashi 1-0. Abin lura shi ne a lokacin a Polan ɗin yake cin abinci, domin golan Legia Warsaw ne tun 2005, kuma ya zama na ɗaya bayan Łukasz Fabiański ya koma Arsenal a 2007.

Batun Everton kuwa, ya amince da komawa can tun kafin gasar, ya isa a 2010 ba tare da an biya kuɗin saye ba, sai ya tarar da Tim Howard, golan ƙungiyar na ɗaya. Ɗan gaba ko ɗan tsakiya yana iya shigowa a minti ashirin na ƙarshe ya nuna kansa, amma gurbin gola ɗaya ne, kuma koci ba ya taɓa shi sai da rauni ko jan kati. Howard ya buga wasannin Firimiya 210 a jere, saboda haka kocin Everton David Moyes bai ga dalilin canji ba, Mucha ya koma tsare raga a wasannin kofi kawai. Sai a Maris na 2013, da Howard ya ji rauni a gadon bayansa, dama ta zo. Wigan ta zura masa uku a kofin FA, amma mako guda bayan nan ya tsare raga da kyau Everton ta doke Manchester City 2-0 duk da an kori ɗan wasanta Steven Pienaar da jan kati. A ƙarshen kakar ya bar ƙungiyar, ya yi wasa a Rasha, sannan ya koma gida Slovan Bratislava. Ina ganin shekaru ukun nan sun cuce shi, domin sun faɗo daidai lokacin da gola yake kan ganiyarsa. A gasar Turai ta 2016 yana cikin tawaga, amma Matúš Kozáčik ne a raga.

Game da koyarwa, bayan ya rataye safar hannu ya koma Legia a matsayin kocin masu tsaron raga, kuma zaman benci ba ya rage masa komai a wannan aiki. Kocin gola yana duba inda yaro ya ajiye ƙafa kafin a buga, da yadda yake faɗuwa ba tare da ya ji ciwo ba, da lokacin fitowa ya cafke ƙwallon kwana, da yadda yake yi wa 'yan bayansa magana. Mucha ya koyi waɗannan a hannun Krzysztof Dowhań, kocin da masu tsaron raga Artur Boruc da Fabiański suka bi ta hannunsa a Legia. Bugu da ƙari, kowace ƙungiya tana da gola biyu ko uku da ba sa buga wasa, kuma dole a riƙe su cikin shiri mako bayan mako. Mutumin da ya jira kusan shekara uku kafin ya buga wasan Firimiya na farko, kuma ya hana Manchester City ci mako biyu bayan nan, yana da abin da zai gaya musu.