Amsa ga 'yar'uwar da ta shaƙi Seretide sau huɗu a dare ɗaya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Sai da na karanta tambayarki sau biyu. Kin ce likita ya ƙara miki wata inhela mai kama da faifai, mai launin shunayya, Seretide, ya ce ki riƙa shaƙa safe da dare. Shekaranjiya asma ta taso miki cikin dare, kika shaƙe ta sau huɗu a jere, ƙirji bai buɗe ba, sai ma zuciya ta hau dukan uku-uku, hannu yana karkarwa. Kina so ki sani ko jabu aka sayar miki, ko kuwa maganin ne bai karɓe ki ba, ki jefar ki koma wa Ventolin ɗinki.

Kada ki jefar. Ni ba likita ba ce, amma shekarata 22 da asma, kuma ni na yi jinyar Baba shekara shida yana fama da ciwon huhu har Allah ya karɓi abinsa. A kan inhela dai ganau ce ni.

Maganinki lafiyarsa ƙalau, aikin da ba nasa ba kika sa shi. Abu biyu ne ke damun mai asma. Akwai kumburi a cikin hanyoyin iska, wanda yake nan kullum ko da kina jin garau, akwai kuma 'yan jijiyoyin naman da suka zagaye hanyoyin, waɗanda kan matse farat ɗaya su shaƙe mutum. Salbutamol, wato maganin da ke cikin Ventolin, yana sassauta wannan matsewar cikin kamar minti biyar, amma bayan awa huɗu zuwa shida ya gama aikinsa. A cikin Seretide kuwa magani biyu aka haɗa. Salmeterol shi ma yana sassauta matsewar, sai dai mai nawa ne, yakan kai minti ashirin ko fiye kafin a ji shi, in ya kama kuma sai ya yi awa 12 yana aiki. Fluticasone, na biyun, sitiroyid ne mai kwantar da kumburi, shi kam kwanaki yake ɗauka, wani lokaci makonni, kafin amfaninsa ya fito sosai. To wanda numfashinsa ya sarƙe ina ya ga minti ashirin na jira? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bugun zuciyar nan da rawar hannu ma lissafi ne. Kowace shaƙa ɗaya ta faifan nan tana da maikirogiram 50 na salmeterol, kuma wannan ne rabonki na awa 12. Ke kuwa kin zuba wa jikinki 200 a tashi ɗaya. Dangin maganin nan gaba ɗaya suna taɓa zuciya in sun yi yawa, suna kuma rage sinadarin fotasiyam a jini, shi ya sa wasu ke jin ƙafa tana ɗaurewa. Ki faɗa wa likitanki abin da ya faru kamar yadda kika faɗa mana, kada ki rage komai don kunya.

Bari in ba ki labarin wautar da na yi, don ita ce ta fi ba ni tsoro a kanki. A can baya, kafin a mayar da ni kan haɗaɗɗen magani, inhela uku nake da su: shuɗiya ta gaggawa, wato Ventolin, koriya mai salmeterol zalla, da mai ruwan ƙasa ta sitiroyid. Koriyar nan na so ta kamar me. In na shaƙa da dare sai in yi barci har asuba ba tari. Mai ruwan ƙasar kuwa ban taɓa jin ta yi mini komai ba, sai disashe mini murya da take yi, ga wata ƙawata ta cika mini kunne da cewa sitiroyid yana kumbura mutum ya lalata ƙashi. Sai na tura ta cikin durowa ban gaya wa kowa ba. Wata uku ina cewa ai na gano bakin zaren. Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Koriyar tana buɗe mini hanya kullum, kumburin yana ta ƙaruwa a ciki ban sani ba, domin abin da zai sanar da ni, wato tari da fiton ƙirji, maganin ya rufe shi.

Mura ce kawai ta kama ni. Dare na uku, wajen ƙarfe uku, na tashi na zauna a bakin gado, na dafa gwiwoyi da hannu biyu, kafaɗu suna hawa da sauka. Maigida yana tambayata me ya faru, ina so in ce masa ya ɗauko mini shuɗiyar a jaka, sai kalma ɗaya-ɗaya ke fita: "Jaka... shuɗi..." Na shaƙa, na sake shaƙa, kamar ina zuba ruwa a kwando. Kwana huɗu na yi a gadon asibiti da robar iskar oksijin a hanci. Da aka kawo magungunana, likitar ta ɗauki mai ruwan ƙasar ta duba ranar da aka ba ni ita, ta girgiza ta kusa da kunnenta, ta ji ta cike fal. Ba ta yi mini faɗa ba. Kallona kawai ta yi, ni kuwa na sunkuyar da kai.

Daga baya na san cewa abin da ya same ni sananne ne. An yi wani babban bincike a Amurka a kan mutum kimanin 26,000 masu asma, aka ba rabinsu salmeterol, rabi kuma aka ba su inhelar da ba magani a ciki. Mutum 13 asma ta kashe a ɓangaren masu salmeterol, uku a ɗaya ɓangaren. An dakatar da binciken a 2003, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta sa a buga gargaɗi mai tsanani a jikin kwalayen. Sai a ƙarshen 2017 ta cire wannan gargaɗin daga inhelolin da suka haɗa magani biyun wuri ɗaya, bayan wasu manyan bincike sun nuna cewa in da sitiroyid a tare, haɗarin ba ya ƙaruwa. Don haka ƙa'idar ita ce, mai asma ba ya shaƙar mai dogon aiki shi kaɗai. Ke kin yi sa'a, naki a haɗe suke, ba ki da damar yin irin wautata. Amma in wata rana ba a samu Seretide ba aka miƙo miki wata aka ce ai duk ɗaya ne, ki karanta jikinta ki ga sunan magani biyu. Kada ki dogara da launi, kamfani-kamfani launin yana sauyawa.

Maganar sitiroyid kuma, tunda na san za a faɗa miki kamar yadda aka faɗa mini: wanda ake shaƙa ɗan mitsitsi ne, da maikirogiram ake auna shi, kuma huhu yake nufa kai tsaye. Wanda ya fi kumbura mutum ya taɓa ƙashi shi ne na haɗiya irin su prednisolone in an daɗe ana sha, kuma wanda ya bar na shaƙa shi ne yake ƙarewa a kan na haɗiyar, kamar yadda na ƙare. Disashewar murya da fari-farin da ke fitowa a harshe gaskiya ne, suna faruwa. Maganinsu ki kurkure baki har maƙogwaro bayan kowace shaƙa ki tofar. Ni kusa da burushina nake ajiye tawa a ɗaki, in shaƙa sannan in je in goge baki, ta haka ba na mantuwa da ko ɗaya.

Na san wani zai zo ya ce ai shi Symbicort yake amfani da ita, kuma ita yake shaƙa in ciwon ya taso. Gaskiyarsa. Formoterol da ke cikinta mai dogon aiki ne amma yana kamawa cikin 'yan mintuna kamar salbutamol, kuma a haɗe yake da sitiroyid mai suna budesonide, don haka likita yana iya tsara wa mutum ita ta zama ta kullum kuma ta gaggawa, da iyakar adadin da ba a wucewa a rana. Tun 2019 ma ƙungiyar GINA, mai fitar da shawarwarin kula da asma a duniya, ta daina ba da shawarar a bar babba da salbutamol shi kaɗai. Wannan tsarin na formoterol ne. Salmeterol bai shiga ciki ba. In kina sha'awarsa ki tambayi likita ko ya dace da ke, kada ki kwaikwaya da taki.

Na Baba daban ne, kuma na kawo shi don akwai masu jinyar tsofaffi da za su karanta. Shekara talatin da wani abu ya yi yana shan taba, ta bar masa ciwon da likitoci ke kira COPD, toshewar hanyoyin huhu da ba ta warkewa sai dai a lallaɓa ta. A wannan ciwon ana ba da mai dogon aiki ba tare da sitiroyid ba, kuma daidai ne, domin sitiroyid ɗin shaƙa yana ƙara musu haɗarin limoniya, sai wanda ciwon ke yawan tayar masa ake ƙara wa. Spiriva aka ba shi, tiotropium, sau ɗaya a rana. Kafsol ne ake sakawa a cikin na'urar, a danna maɓalli ya huda shi, a zuƙi garin. Sati biyu cur Baba yana haɗiye kafsol ɗin da ruwa, na'urar tana cikin kwalinta ko buɗewa bai yi ba, yana cewa maganin banza ne. Ranar da na gani na rasa dariya zan yi ko kuka. Wanda ya ba shi maganin bai nuna masa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Irin wannan maganin yana busar da baki, yana iya tsananta wa tsohon da fitsari ke masa wuyar fita, kuma ba a son garin ya shiga ido, musamman ga mai hawan jinin ido.

Yadda ake shaƙar ma ki sa ido, don faifanki ba irin Ventolin ba ne. Ventolin feshi ce: a girgiza, a danna, a ja iska a hankali, doguwa. Faifan gari ne a ciki, ba abin da ke turo shi sai ƙarfin numfashinki. Ki buɗe, ki ja ɗan hannun har ya yi ƙas, ki kawar da kai ki fitar da iskar ƙirjinki, sannan ki kama bakinsa da leɓe ki zuƙa da ƙarfi har ƙirji ya cika, ki riƙe numfashi kamar daƙiƙa goma. Kada ki hura iska a ciki, kada ki wanke shi da ruwa, kada ki ajiye shi a banɗaki, damshi yana dunƙule garin. Sau da yawa ba za ki ji komai ya shiga ba, wannan kada ya sa ki ƙara. Lambar da ke jiki ita ce shaidarki. Shaƙa 60 ce a ciki, biyu a rana, kwana 30 ke nan. Ni da ita nake kama kaina: in wata ya cika na ga saura 14, na san na tsallake na mako guda. In kin manta na safe kuma, ki bar shi ya wuce, ki shaƙi na dare a lokacinsa, ba a ramawa da biyu.

Duk likitan da zai rubuta miki wani magani ki gaya masa kina kan wannan. Propranolol da ake bayarwa don hawan jini ko ciwon kai, har ma da maganin ɗigawa a ido mai suna timolol, suna iya tayar da asma su kuma hana inhela aiki. Ketoconazole na haɗiya da ritonavir, maganin ƙanjamau, suna sa maganin da ke cikin Seretide ya taru a jini. Wasu masu asma kuma asfirin da ibuprofen ne abokan gabarsu. In kin samu ciki kada ki daina shaƙa da kanki, rashin iska ya fi cutar da jariri.

Ventolin ɗinki ta zauna a jaka duk inda za ki, kuma ki duba ranar lalacewarta. Gwangwanin yakan ci gaba da fesa iska bayan maganin ya ƙare, ki yi hattara da wanda ya daɗe. In ciwon ya sake tasowa, ki zauna a miƙe, kada ki kwanta, ki shaƙi shuɗiyar ɗaya-ɗaya, tsakaninsu rabin minti zuwa minti ɗaya, har zuwa goma in ta kama. Ki nemi robar nan mai kama da kwalba da ake jona wa bakin inhela, sifesa, tana sa maganin ya isa huhu ko da numfashi ya rikice. In kin kasa kai ƙarshen jimla, ko leɓe ya sauya launi, ko goman ba su yi komai ba, asibiti za a nufa a lokacin, ba sai gari ya waye ba. Haka kuma in wata rana kin shaƙi faifan sai ƙirji ya ƙara matsewa nan take, wannan kam ki ajiye shi, ki shaƙi shuɗiyar, ki ga likita a ranar.

Abu ɗaya ne ba ki faɗa ba: kwana nawa ke nan da fara Seretide ɗin, kuma sau nawa kike ɗaukar Ventolin a mako? In ya wuce sau biyu, ko asma tana tashinki daga barci bayan kin yi wata guda kina shaƙa kullum, to a sake duba ki. Ki tafi da inhelolin duka biyu, ki shaƙa a gaban likita ko mai ba da magani ya ga yadda kike yi. Ni sai da na shekara goma sha ɗaya kafin wata nas ta lura cewa ina danna Ventolin ne bayan na gama jan iska.