Masu Fita Su A Bakin Teku Sun Tambayi Likita

Tambaya daga Agege, Legas: Likita, ranar Asabar muka je Badagry da abokai, muka kama kifi da hantsi, muka bar shi a bokiti har la'asar sannan muka gasa. Ba a yi rabin awa da ci ba sai fuskokinmu suka ɗau zafi, borin jini ya feso mana, ga ciwon kai. Me ya jawo haka alhali kifin ya gasu sosai?

Amsa: Malam, alamun da ka zayyana sun yi daidai da gubar da ke taruwa a jikin kifi mai jan tsoka, irin su titus da tuna, idan ya daɗe cikin zafi bayan an fito da shi daga ruwa. Ƙwayoyin cuta ne ke juya wani sinadari na naman kifin ya koma histamin, wato abin da jiki ke fitarwa lokacin borin jini, kuma da zarar ya taru, wuta ba ta kashe shi, ko an gasa ko an soya ko an ƙyafe. Sau da yawa kifin ba ya wari, shi ya sa ake ruɗuwa. Maganin ƙaiƙayi irin su Piriton yakan kwantar da shi cikin sa'o'i, amma wanda numfashinsa ya sarƙe ko leɓɓansa suka kumbura a garzaya da shi asibiti. Nan gaba ku tafi da kula cike da ƙanƙara, ku cire kayan cikin kifi nan take ku binne kifin a cikin ƙanƙarar.

Tambaya daga Nima, Akara: Muna shirin kwana biyu a Ada Foah. Na yi fama da tsargiya ina yaro saboda wankan rafi. Shin ruwan teku zai dawo mini da ita?

Amsa: Ɗan'uwa, ruwan gishiri ba ya ba da tsargiya, domin dodon koɗin da tsutsar ke girma a cikinsa a ruwan daɗi kawai yake rayuwa. Sai dai Ada wuri ne da kogin Bolta ke haɗuwa da teku, saboda haka ɓangaren kogin ba shi da wannan tabbaci. Idan ka shiga can kuma ka ga jini a fitsari bayan wasu makonni, ka je a gwada ka a ba ka praziquantel, wato maganin tsargiya.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kada ka shiga teku kana dogaro da iyon da aka koya a rafi. Gaɓar tekun Afirka ta Yamma tana da wani ja na ruwa, inda ruwan da igiyoyi suka turo bakin gaɓa yake komawa ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfin da gwanin iyo ma ba ya iya tunkara. Abin takaici, wurin yakan yi kama da inda ya fi lafawa, domin igiya ba ta fashewa a nan, sai baƙo ya zaɓe shi. Idan ya ɗauke ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa kai tsaye, domin gajiya ce ke nutsar da mutane. Ka kwanta a kan ruwa ka ɗaga hannu, ko ka yi iyo ta gefe, ka bi tsawon gaɓar har ka fita daga cikinsa. Ku tambayi masuntan wurin kafin kowa ya sa ƙafa, kuma kada wanda ya hau kwalekwale ba tare da rigar ceto ba.

Tambaya daga Duwala: Maigidana mai ciwon sukari ne. Ƙugiya ta soke shi a yatsa a bakin tekun Kiribi, abokansa suka fizge ta suka ɗaure da tsumma. Yau kwana biyu, yatsan ya kumbura.

Amsa: Hajiya, ki kai shi asibiti yau, kada ki jira gobe. Fizgar ƙugiya tana yaga nama saboda ɗan haƙorin da ke bakinta, kuma ruwan teku mai ɗumi yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu suna Vibrio waɗanda ke cin rauni da sauri a jikin mai sukari ko mai ciwon hanta. Ki gaya wa likita cewa a teku aka ji raunin, domin hakan zai sauya maganin da zai zaɓa, kuma a yi masa allurar tetanus idan ya haura shekara 5 rabonsa da ita. Idan ja ya fara hawa hannu, ko ƙuraje masu ruwa suka fito, ko zazzaɓi ya zo, ku tafi ko da tsakar dare ne.