Tambayi Likita: Ina jin zuwansu tun kafin su fito

Tambaya: Salam likita, dan Allah a taimaka min. Shekara biyu kenan aka ce min ina da hafis a asibiti, kuraje masu ruwa ne ke fito min a gaba su fashe su zama gyambo, to yanzu tun kafin su fito nakan ji wajen yana ƙaiƙayi da zugi har cinyata ta riƙa tsami. Ampiclox nake saya a kemis ina sha amma sai sun fito. Me ya kamata in yi? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ki daina shan Ampiclox ɗin nan dan Allah, ƙwayar hafis bairos ce kuma kafso irin wannan ba ya taɓa ta, asarar kuɗi kawai kike. Tana kwance ne a cikin jijiya, sai an samu zazzaɓi ko gajiya ko damuwa ko lokacin al'ada ta biyo jijiyar ta fito kan fata, wannan tsamin cinya da kike ji tafiyarta ce.

Kuma wallahi jin da kike yi da wuri ɗin nan shi ne babbar damarki, domin maganin da ke aiki, acyclovir ko valacyclovir, ya fi amfani idan aka fara shi a lokacin ƙaiƙayin ko cikin awa 24 da fitowar ƙurji, wani lokacin ma kurajen ba sa ƙarasa fitowa, in ko aka bari sai kwana uku to amfaninsa ya ragu sosai. Saboda haka ki koma wajen likitanki yanzu da kike lafiya ya rubuta miki ki ajiye a gida, ba sai abin ya taso ki fara neman kuɗin mota ba. Kwana 2 zuwa 5 ake sha, ki riƙa shan ruwa da yawa. In yana taso miki sau 6 ko fiye a shekara akwai na sha kullum, ki tambaye shi.

A gida ki wanke wajen da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ki busar, ki sa kamfai na auduga marar matsewa, farasitamol don zugin. Kar ki shafa man bilicin ko irin mayukan nan na ƙaiƙayi masu sitiroyid, ƙara ta'azzara shi suke. Ki wanke hannu bayan kin taɓa, kar ya kai ido.

Maganar maigida kuma, in kina da aure, daga ranar da kika ji ƙaiƙayin a dakata da kwanciya har gyambon ya warke tsaf, lokacin ne aka fi ɗauka. Na san faɗar da nauyi, amma ba ke kaɗai ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 520 'yan shekara 15 zuwa 49 ke da irin hafis ɗin da ya fi kama al'aura, da yawa ma ba su sani ba. Ku je tare a yi muku gwajin HIV. In kin samu juna biyu ki faɗa musu a wajen awo tun zuwan farko, ana ba da magani daga sati na 36 saboda jaririn.